Ranar da Malam Mamman Ya Kwanta a Bayan Motar Gawa

Motoci da yawa sun bi ta hannuna na manta ko kalarsu, amma ban taɓa mantawa da ranar da Malam Mamman ya miƙe a bayan motar gawa ya ce in ja ba. Ku da kuka zo garejin nan daga baya kun sha jin labarin a gutsure, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To yau ku ji daga bakin wanda ya riƙe sitiyarin.

Lokacin muna tsohon filinmu na Sharada, bayan wani kamfanin robobi, ni ne shugaban kanikawa. Duk motar da ta shigo ni zan fara jin ciwonta, sannan in raba aiki: na inji ga bakanike, na wuta ga rewaya, na ƙarfe ga mai walda. Kuma mota ba ta fita sai na gwada ta a titi da kaina. Wata Litinin bayan babbar salla sai ga wata tsohuwar mota baƙa wuluk, doguwa, ƙirar Turai, da dogayen gilasai masu labule. Tun kafin ta tsaya masu shayi suka fara salati. Wani dattijo ya fito daga ciki, ya yi sallama, ya ce sunansa Mamman, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, yanzu yana zaune a Panshekara. Motar ya saye ta ne a hannun wata ƙungiyar jana'iza ta Sabon Gari da ta sake sabuwa.

Na ce, "Baba, duk motocin garin nan ku rasa wadda za ku saya sai wannan?"

Ya ce, "Malam Sani, nuna mini wata wadda mutum zai miƙe ƙafa a ciki sosai, kuma aljihuna ya iya."

So yake mu mayar masa da ita ɗaki mai tafiya: gado, tankin ruwa, wurin ajiye risho da tukwane, fanka da sola a rufi. Sai da muka zauna a benci ya faɗa mini dalili. Maiɗakinsa, Hajiya Rakiya, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya zama ko na ɗan lokaci, kuma likita ya riga ya ce su koma gida su ci gaba da addu'a. Burinta ɗaya ne, ta zaga danginta na Gumel da Haɗeja da Nguru ta nemi gafararsu. Ya ce, "Ta ce ita ba ta son yafiyar waya, ido da ido take so. Kuma kullum jikin ƙara saki yake. Don Allah ku hanzarta mini."

Washegari muka fara. A bayan motar akwai wani ƙaton teburin ƙarfe da katako mai ƙananan tayoyi, wanda ake tura akwatin gawa a kai. Bitrus mai walda, mutumin Filato, shi ya yanke shi, don sauran duk sun noƙe. Nauyinsa sai da muka taru muka sauke shi. Na ce kafin a sa gado bari in zagaya da ita in ji lafiyar inji. Ina fita, ramin farko na titin Sharada, motar ta yi tsit. Na yi ta murza makulli, shiru. Muka turo ta gareji, tana hutawa ta tashi ras kamar ba ita ba.

Daga nan muka shiga uku. Muka canza fulogi, muka wanke tanki, muka sa wani famfon fetur, rewaya ya bi fis ɗaya bayan ɗaya. In tana tsaye komai lafiya, wuta na zuwa, mai na zuwa. Da an fita titi sai ta mutu. Motar da ta zo da ƙafarta tun daga Sabon Gari! Nan fa maganganu suka tashi. Wasu suka ce ta yi fushi an raba ta da aikinta, wani ya kawo ruwan rubutu ya yayyafa mata ba da sanina ba. Ni da nake yi musu tsawa, ina ce musu ƙarfe ƙarfe ne, wallahi ko ni ta gaba nake shiga in fita ta gaba. Babu wanda ya taɓa yarda ya zauna a bayan nan, har Bitrus da yake mana dariya. Na ce masa, "Kai da ka saba ganinta a jana'izarku ta coci, shiga mana." Ya ce, "Oga, ganinta na saba yi, ba hawa ba. Lokacina bai yi ba."

Kwanaki suna ta tafiya, Malam Mamman yana zuwa kullum da hantsi, ya zauna a benci yana kallonmu. Kallon nan ya fi zagi ciwo. Ran nan ya zo idanunsa jajur, ya ce jiya Hajiya ba ta iya haɗiye ko kunu ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, gaskiya mun rasa kanta. Ko ku nemi wata hanyar."

Ya je ya ɗauko tabarmar da muke salla, ya buɗe ƙofar baya, ya shimfiɗa ta daidai inda akwati yake zama. Ya cire hula da takalmi, ya hau ya miƙe. Har mai buga guduma ya tsaya yana kallo.

Na ce, "Subhanallahi! Baba, me kuke yi haka?"

Ya ce, "Tun da kuka fara, injin kuke saurare. Ni so nake in ji abin da bayan Hajiya zai ji a nan. Ja mu tafi, in ta mutu a hanya sai mu turo."

Na shiga na tayar da ita. Muka fita, na nufi ramin nan da ya saba kashe ta, na runtse ido ɗaya. Ta shiga ta fita. Na biyu ma haka. Jama'a, muka bar Sharada, muka miƙa har Challawa, duk gargadar da manyan motoci suka yi wa hanyar nan, motar ko tari ba ta yi ba. Ina leƙa madubi ina ganin dattijo a miƙe, hannuwansa a ƙirji, har sai da na kira sunansa don in ji ya amsa. Ya ce, "Ina nan da raina. Rage gudu a kwana, nan ne zai dame ta."

Muka dawo ƙofar gareji inji na kaɗawa. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ɗayar, yana miƙewa tsaye motar ta mutu. Wani ya kwasa da gudu sai bakin titi. Ni kaina na daɗe a kujera ina maimaita innalillahi, don abin ya fi ƙarfin kaina.

Sai da zuciyata ta lafa tunani ya dawo. Na sa aka tura ta kan ramin da muke shiga duba ƙarƙashin mota, na sauka da tocila, na roƙi Malam Mamman ya riƙa hawa yana sauka. A nan na gani. Wayar da ke kai wuta famfon fetur an taɓa yi mata ƙari tun da can, aka naɗe da salatif, aka ɗaure ta a jikin ƙarfen tayoyin baya. Muddin teburin nan mai nauyi yana ciki, bodi a danne yake, waya a sake. Da muka cire shi bayan ya ɗaga, waya ta miƙe tamau, ɗan motsi kaɗan sai mahaɗin ya rabu. In mutum ya kwanta, nauyinsa ya mayar da ita. Aikin da rewaya ya gama kafin a kira azahar, shi ya ci mana kwanakin da matar nan ba ta da su. Da mutum ɗaya a cikinmu ya zauna a baya tun gwajin farko, da tuni mun gano.

Muka haɗu gaba ɗaya a kan aikin, ba wanda ya ƙara noƙewa. Aka sa gado da tanki da fanka, muka yi mata farin fenti. Ni na kai ta Panshekara. 'Ya'yansu suna ta ɓoye wa Hajiya asalin motar, amma ana shigar da ita ta dubi gilasan, ta ce da muryar da sai ka matso za ka ji, "Na san ko wace ce. Ku cire labulen. Waɗanda ta ɗauka a baya ba su ga hanya ba, ni zan gani." Da hannuna na kwance labulen, ina ɓoye fuskata.

Sun je Gumel, sun je Haɗeja. Daga Nguru Malam Mamman ya kira ni, ya ce yayarta ta shiga motar ta kwanta kusa da ita, sun yi kuka sun yafi juna, har Hajiya ta sha fura. Sun dawo gida lafiya, ba a daɗe ba Allah Ya karɓi abarsa. Duk garejin muka rufe muka je jana'iza. Bitrus ma ya bi mu, ya tsaya daga gefe har aka idar.

Tun daga ranar ba na gwada mota wayam. Ta buhuna in sa mata buhuna, ta fasinja in cika ta da mutane, kuma in tambayi mai ita wa zai shiga, don me. Mu da muke kwana mu tashi da ƙarfe mun tsaya daga nesa muna tsoronsa, ita kuwa baiwar Allah lokacinta na ƙarewa. Saura ƙiris tsoronmu ya hana ta ganin 'yar'uwarta. Allah Ya ji ƙan Hajiya Rakiya.