Malam Badamasi Mai Gyaran Sifika Ya Yi Shiru

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, labari ya iske mu a tashar Sheme cewa maciji ya sari Malam Badamasi mai gyaran sifikar mota a gonarsa ta masara. Kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa.

Malam, ni ne Ishaya direba, wanda kake yi wa tsiya cewa kunnensa ya fi motarsa tsufa. Farkon haɗuwarmu na zo rumfarka da wata ƙatuwar sifika mai siffar ƙwai, ƴar inci shida da tara, na ce ka cusa mini ita a ƙofar motata. Ka auna ramin da yatsunka ka girgiza kai. Ka ce ƙofar ta ƴar inci huɗu ce, in aka yanka ƙarfen gilashi ba zai ƙara sauka ba, kuma ruwa zai shiga. Na yi fushi na tafi. Da na dawo, sai ka ɗauko madaidaiciya ka ɗaura. Ko sifika na kwarmato ba ka saurin cewa ta mutu, sai ka duba ko takardarta ce ta yage, ka liƙe ta.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta kasuwar Yankara, bara da kaka. An ɗauke ni shelar rigakafi, da lasifika a saman mota, kai kuma ka kasa kayanka kusa da ni. Ana tsakar ciniki sai aka ji ƙara kamar ta bindiga. Wani ya yi ihu, “Sun shigo!” Kowa ya san su wa ake nufi. Kasuwa ta yamutse, jama'a suka nufi ƴar siririyar gadar da ke bakin kasuwar a guje, mata masu goyo na faɗuwa ana bi ta kansu.

Sarkin kasuwa ya iso yana haki, ya ce tayar babbar mota ce ta fashe, da idonsa ya gani. Ya fizgi makirfon motata ya yi magana. Shiru. Lasifika ta ƙi.

Ni kam ban tabbata ya gani daidai ba. Kai ma ba ka tabbata ba, kuma ƴarka Ummu Salma tana cikin taron. Duk da haka ka shige motar ka ce, “Riƙe mani ƙofar ga, Ishaya, kar ka saki.” Ka zare fiyus, lafiyarsa lau. Ka taɓa wayar lasifika da ƙaramin batir, ta yi ƙwas, ka ce tana da rai. Ana bankar motar ta ko'ina, kai kana bin waya da hannu har ka iske inda ƙofa ta datse ta. Ka fere ta da haƙori, ka murɗa, leɓenka na jini.

Muryar Sarkin kasuwa ta tashi: “Jama'a ku tsaya! Taya ce! Wallahi taya ce!” Na gaba suka waiwayo, na baya suka ja birki. An samu karaya, amma ba a ɗauki gawa ba. Sai a lokacin ka fita da gudu neman ƴarka.

Jiya Lidiya mai ƙosai, wadda aka zaro daga bakin gadar da jaririnta, ta zo gidanka. Ta zauna ƙasa tana kuka.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ku iyalan Malam, Malama Suwaibatu, Adnan, Ummu Salma, da duk dangi na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu direbobin Sheme, Musulmi da Kirista, tare da ku muka yi wannan rashi.