Garwa Shida a Bakin Ubhur

Ranar wata Alhamis ce, mako biyu bayan alhazai sun gama watsewa daga Jidda, a shekarar da mahaifina ya rasu. Ina da shekara goma. Waɗanda ke cikin motar da ta kai mu Ubhur a ranar, har yau ba wanda ya ɓace mini. Baffa Haruna, wan mahaifina, yana gaba kusa da direba. A baya akwai matarsa Hajiya Zainabu da 'yan matanta uku, Fauziyya da Su'adu da Najatu. Akwai babban ɗansa Abdulƙadir da matarsa Maryama da jaririnsu. Akwai Kaka Kubura, wadda ta haifi Baffa da mahaifina, idonta ya kusa tafiya, an jingine ta da katifa. Sai Malam Bashir, Bahaushen Sudan abokin cinikin Baffa, da matarsa Batulu da 'ya'yansu huɗu, Usman da Sa'adiyya da tagwaye Hassan da Husaini. Sai Innata Rakiya da ni Habiba, can ƙarshen mota inda rana ta fi duka, tsakanin buhun gawayi da garwar ruwa shida. Mu goma sha bakwai har da jaririn.

Mu a unguwar Karantina muke, cikin ɗakin langa-langa da mahaifina ya harhaɗa da hannunsa. Dako yake yi a tashar jirgin ruwa, kaya ya tsinke daga igiya ya faɗo masa. Inna kuwa ba haihuwar nan ba ce. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa, suka yi shekaru a Sudan kafin su ƙetaro. Ba ta da takarda ko ɗaya. Gyaɗa take soyawa da rairayi, ni ke ɗaukar faranti in zauna bakin titi. Baffa shi ne mai takardar ɗan ƙasa, da shago, da gidan bulo mai tankin ruwa a unguwar Nuzla. A gidan akwai wani ɗaki kusa da madafa da ba kowa a ciki. Ranar da Inna ta fita takaba ya ce mata, "Bari aikin hajji ya wuce, ya Rakiya, mu ga abin da Allah zai yi da ɗakin nan. Ita ma Habiba sai a haɗa ta da Najatu su riƙa zuwa madarasa." A lokacin ba a daɗe da buɗe wa mata makaranta ba, kuma ba a ɗaukar yarinya sai da takarda da namijin da zai tsaya mata. Najatu sa'ata ce. Idan mun je gidansu nakan buɗe jakarta a ɓoye in shinshina littattafan, don ban san abin da ake yi musu ba ban da wannan. Saboda haka da aka aiko mu shirya, za a je shan iska bakin teku kwana uku, Inna ta san ba don ta ga teku aka gayyace ta ba. Gwada ta za a yi. Idan tukunyarta ta yi, mun sami ɗaki, na sami makaranta.

Kwana biyu tana tsara abincin dare. Ra'ayinta, kuma na gaje shi, abincin taro a bakin ruwa ba ya son maiƙo, ba ya son tukwane da yawa. Wanda ya wuni cikin rana da iskar gishiri, abu mai sauƙi cikinsa ke nema. Daren farko sayadiyya: a soya albasa har ta yi duhu ba ta ƙone ba, a tafasa kan kifi a ciki, a tace, a dafa shinkafa a romon, kifin kuma a gasa shi daban a kan gawayi. A gefe tumatir da barkono da tafarnuwa da lemon tsami, a daka a turmi, ko wuta ba ya gani. Dare na biyu faten wake da alayyafo, wanda ko Kaka da ba ta da haƙori za ta sha. Na uku dafa-duka da abin da ya saura. Ta auna shinkafa da gwangwanin madara, ta auna ruwan da za ta ci, ta gaya wa Baffa garwa shida za su kai mu safiyar Juma'a, lokacin da direba zai dawo da wani ruwan da gurasa. A Karantina saye muke wurin mai ga-ruwa, garwa ɗaya mu yi kwana biyu da ita. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi, shi ake wanke kwano, sannan a yayyafa a ƙofar ɗaki. Inna ba ta kuskuren awon ruwa.

Ubhur ta wancan lokacin rairayi ce da duwatsu masu kaifi da bukkokin masunta can nesa, ba rijiya, ba shago. Direba ya sauke mu ya juya. Maza suka kafa rumfa biyu, tasu da ta mata. Yara suka ruga ruwa, tagwaye na bin ƙaguwa tana shige musu rami, 'yan matan Baffa sun shiga da rigunansu har ƙugu suna ihu. Ni ƙafa kawai na tsoma Inna ta kira ni. Na yanka albasa har idona ya kumbura, na kankare kifin da Abdulƙadir ya sayo wurin masunta, na wanke shi a teku yadda na ga suna yi. Bayan la'asar Inna ta tafi da kifin nesa kaɗan inda ta haƙa ramin gashi, don kada hayaƙi ya dami baƙi, ni kuma ta aike ni tsinto itacen da ruwa ya watso.

Ina dawowa ta bayan rumfar mata na ji ƙarar garwa. An ɗaura zani tsakanin sanduna biyu, ta ƙasansa ruwa na gudu cikin rairayi da kumfar sabulu. Na leƙa. Hajiya Zainabu ce riƙe da moɗa tana kwarara wa Fauziyya ruwa a ka, tana cewa, "Yalla, cuɗa da kyau, gishiri na karya gashi." Su'adu ta riga ta gama tana taje kai, Najatu na jira. Garwa biyu a kife, ta uku a buɗe. Na tsaya da itace a ka har aka buɗe ta huɗu, ita Hajiyar ma ta yi nata wankan. Najatu ta gan ni ta yi mini gwalo. Ban ruga na gaya wa Inna ba. Na ɗauka babba ta san abin da take yi, ko akwai wani ruwan da ban sani ba. Na daɗe ina tuhumar kaina da wannan tsayuwar.

Rana ta kusa faɗuwa Inna ta zo ɗora shinkafa. Ta ɗaga garwa ta farko ta ji ta sakayau, ta ɗaga ta biyu, ta bi su duka. Ɗaya da rabi an shanye tun da rana, har da shayin maza. Rabin garwa ya rage wa mutum goma sha bakwai har safiya, ga mai shayarwa, ga tsohuwa. Na gaya mata abin da na gani. Ta dube ni, ta dubi rumfar mata inda ake ta dariya.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To bar shi a cikinki. Ba daga bakinmu za a ji cewa 'yan matan gidan sun yi wanka a fili ba, ga baƙi a wurin."

Na ce to a ci kifin haka. Ta ce ba zai ishi rabin mutanen ba, kuma tun kafin mu taso Baffa ke yi wa Malam Bashir kurin sayadiyyarta. Ta zauna jim a kan dutse. Sannan ta ɗebi moɗa huɗu na ruwan daɗi, ta ba ni ƙwarya ta ce in shiga can inda ruwa ya fi haske in ciko. Tunaninta shi ne rabi da rabi, ba za ta sa gishiri ba, tekun ya zama gishirin. Wanda ya tashi a bakin rijiya da kogi haka zai yi tunani. Ta shekara da shekaru a Jidda, amma daga nesa take hango teku. Ba ta san ba gishiri kaɗai ke cikinsa ba, akwai ɗaci, kuma idan ruwan ya tsotse duk a ƙwayar shinkafa yake zama. Da ta buɗe tukunya ta ɗanɗana, na ga fuskarta. An riga an idar da magariba, an shimfiɗa tabarma, Baffa na kira, "Ya Rakiya, ina abincin? Baƙi na jira."

A ido ban taɓa ganin shinkafa mai kyan wannan ba, wara-wara, kifi a jere a kai. Ni na kai tiren maza. Malam Bashir ya yi bisimilla ya kai loma, ya tauna a hankali, ya haɗiye don kunya, ya ce, "Ma sha Allah, kifin ya gasu." Abdulƙadir ya juya ya tofar. Kafin in koma rumfar mata tagwaye sun fara kukan ruwa, muryar Hajiya Zainabu ta tashi yadda kowa zai ji: "Wai da ruwan bahar ta dafa mana! Ya Batulu, kin taɓa ji? Shekara nawa a Jidda, har yanzu ƙauye bai fita daga kanta ba. Idan ruwa ya gaza ba sai ta tambaya ba?" Gashinta ma bai gama bushewa ba. 'Yan matan suka ƙyalƙyale. Na buɗe baki, Inna ta matse mini cinya da farce har na ji hawaye, ta durƙusa ta ce, "Kuskurena ne, Hajiya, a yi haƙuri." Kaka Kubura kaɗai ta ci loma uku, ta suɗe hannu, ta ce, "Hannun Rakiya ne wannan, na san shi. Wa ya taɓa ruwan?" An daɗe da daina amsa mata.

Aka ci kifi da tumatir, bai ishi kowa ba, ƙishin lomar farko kuma ya ƙarar da ruwan da Inna ta tanada tun kafin isha'i. Baffa ya wanke hannu ya ce wa Malam Bashir, ko murya bai rage ba, "Ka gani ko? Niyya ta gari gare ni. Amma gidan da baƙi ke shiga ba a ajiye wanda zai ba ka kunya. Halas, shi ke nan, kowa ya zauna inda ya saba."

Ba a ƙara maganar ɗakin ba. Keken ɗinkin Fauziyya aka sa a ciki. Najatu ta yi karatu har ta koyar. Ni na ci gaba da farantin gyaɗa, wannan ma da kuke karantawa faɗa nake jikata na rubutawa. Inna ta rasu a ɗakin langa-langar nan, yanzu ba ɗakin ba unguwar, an share. Yanzu ina unguwar Safa a gidan ɗana, hawa na uku. Idan an yi hutu sukan ɗauke ni zuwa bakin teku, an zuba siminti da fitilu, abinci a waya ake kira a kawo shi cikin roba. Ina zaune ina kallon jikokina suna shan rabin gorar ruwa su yar. Sun ce na cika sa ido, kowace gora sai na ɗaga na girgiza. Na tsufa ina dafa wa taro abinci, biki da suna da makoki, ban taɓa ɗora tukunya ba sai ruwan yana inda idona ke kai. Sayadiyya ma ina yi, ana yabo. Ta Inna ce, ita kuwa sau ɗaya aka ba ta dama.

Washegarin wancan daren a Ubhur, bayan sallar asuba, Baffa na zaune shi kaɗai a kan darduma yana jan carbi, yana duban hanyar da mota za ta ɓullo. Inna na can tana goge tire da rairayi. Na je na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa duka: garwa huɗu, da zanin da aka ɗaura, da wadda ta riƙe moɗa. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na sani, ya binti. Daga nan nake jin ƙarar garwar." Ya ci gaba da jan carbinsa, ya ce in je in kife tukunyar nan a teku kafin ƙuda su taru.

Na ɗauko tukunyar da ƙyar, amma ban kai ta teku ba. Na ajiye ta tsakanin rumfunan biyu, inda duk wanda ya farka zai gan ni, na zauna na sa hannu. Shinkafar ta yi sanyi, ɗacin ya ƙaru, ba kuma ɗigon ruwan da zan kora da shi. Hajiya ta fito ta tsaya, 'yan matan suka fito, Najatu ta fara dariya ta bari. Inna ta kira sunana sau ɗaya, ba ta sake ba. Leɓena ya tsage, maƙogwarona kamar an zuba garwashi. Ina ci ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ban tashi ba sai da na ji ƙugin mota.