Zoben da Aka Gano a Gonata

Ni dai daga ƙasa na san gonata. Na san inda ƙaya take, na san inda dawa ke fin sauran tsawo da kore, kuma ban taɓa neman dalili ba. A ganina, hannuna ne ya fi albarka a wurin.

Wata damina da ruwa ya yi ɗan tsaiko, wasu baƙi suka sauka a ƙauyenmu da ke gefen Warra. Daga jami'a suke, wata malama ce babbarsu. Suka tayar da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, yana kuka kamar taron zuma. Da ya sauko sai aka nemi mai gonar da ke bayan kuka. Mutane suka nuna ni da sauri, kamar na saci akuya.

Malamar ta nuna mini hoton. Ga gonata ta koma kamar 'yar tabarma, ga wani zobe kore shar kwance a tsakiyarta, sai ka ce an kifa faifai an zana. Lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka rubutun da ke gefen hoton bai ce mini komai ba. Ta yi mini bayani: wasu mutanen da ne suka haƙa rami kewaye da mazauninsu, ramin ya cike da ƙasa mai riƙe ruwa, shi ya sa dawar da ke kansa take fin kore.

"Su wa ke nan, Malama?"

"Ba mu sani ba, Malam."

"To, yaushe suka zauna?"

"Shi ma ba mu sani ba. Amma za mu dawo baɗi, in Allah ya kai mu."

Na koma gida na gaya wa Inna, ina ɗan jin kaina. Inna tana budurwa ruwan Kainji ya cinye tsohon garinsu, aka kwaso su zuwa tudu. Ta ajiye muciyarta ta dube ni.

"Kai har murna kake? Mu ma daga sama aka fara kallonmu. Jirgi ya wuce, sai masu awo, sai ruwa. Hukuma ba ta leƙa abu ta ƙyale shi."

Daga nan tuwon ya daina yi mini daɗi. Wannan gonar ce kaɗai gare ni, ita ke ciyar da gidan gaba ɗaya. Na yi ta zagaye a cikinta ina neman zoben, amma daga ƙasa dawa ce kawai. Na hau kukar ma, sai Inna ta aiko a ce mini in sauko kafin a haɗa mata rashin gona da rashin ɗa.

Bayan girbi dabara ta zo mini. In kore ne ya tona asirin zoben, to in gonar duk ta yi kore, zobe ya ɓace. Akwai wani Bafulatani abokina da ke kawo shanunsa bakin ruwa da rani. Na je na same shi.

"Ina son shanunka su sauka a gonata, su ci kara su bar mini taki."

"Kaɗo, shekara nawa kana korata da gora? Yau kuma kai ne da gayyata?"

"Ɓoye gonar nake son yi."

"Wa za ka ɓoye wa?"

Na nuna sama da yatsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai zo, amma in nemi maganin taɓin hankali.

Ya zo kuwa. Ya yi wa shanun shingen ƙaya suna kwana ciki, in wurin ya cika da kashi ya matsa da shingen gaba. Ban taɓa lura da cewa zagaye yake yin shingen ba.

Damina ta dawo, baƙi suka dawo, jirgi ya tashi. Na tsaya da hannu a baya, ina jiran in ga fuskokinsu sun faɗi. Sai na ga sun taru a kan hoton suna magana da sauri. Aka kira ni. Zoben yana nan daram, kuma ga wasu zagaye manya-manya a ciki da wajensa, kore har ya yi duhu. Gonar da na so ɓoyewa ta zama kamar zanen atamfa.

Malamar ta ɗora hoton bara kusa da na bana, sannan ta ɗago.

"Malam, an kwantar da shanu a nan?"

"An ɗan kwantar."

"Don me?"

Na faɗa mata tsoron da nake ji, har da maganar Inna. Ta yi dariya har ta riƙe gyalenta, daga baya ta nutsu. Ta ce babu mai karɓar gonar. Ta ce noman fartanya irin nawa shi ne ya bar abin da ke ƙasa lafiya, abin da suke roƙo kawai kada in sa tarakta ta yi zurfi, kada kuma in bar kowa ya haƙa. Na yi mata alkawari ba wahala, don tarakta ba ta taɓa sanin hanyar gonata ba.

Shekarar nan dawa ta yi har sai da na gina sabon rumbu. Inna ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa cikinsa, ta ce ita fa har yanzu ba ta yarda da mutanen jirgi ba.

"To, Inna, me za a yi?"

"A ci gaba da ɓoyewa. Ka aika wa Bafulatanin nan tun da wuri, kada maƙwabta su riga ka."