Garma Bakwai a Saurarmu

Gidanmu, a wani ƙauye kusa da Dangora, mu uku ne: Baba, Inna da ni. An haifi wasu a bayana, ba su zauna ba. Darni ɗaya ya raba mu da gidan Baffa, ƙanen Baba, mai 'ya'ya maza bakwai, ban da mata. Kafin mulkin kai ke nan, lokacin da uba da 'ya'yansa ke noma gandu ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya.

In sun fita huɗa sai su jeru, tafiya ɗaya kuyya bakwai ta tashi. Ni da Baba, biyu. Nakan tsaya kamar ina gyara ƙotar garma, alhali su nake kallo. Har faɗansu a kan akushi haushi yake ba ni, don ni kaɗai nake ci, in ƙoshi in ture.

Muna da saura a bakin rafi, rabon Baba daga gadon kaka, ta daɗe a kwance. Mai unguwa ya aiko cewa gonar da mai ita ya kasa, mai hannu ake ba wa aro. Kowa ya san wane ne mai hannun.

Na ce wa Baba mu kira gayya. Amma gayya biki ce, sai ka je ta wani a zo taka. Da damina ta faɗi, babu gayyar da ban je ba. Baffa kan tura ɗa ɗaya, shida na gonarsa. Ni kuwa in na tafi, Baba kaɗai na bari.

Ranar tamu Inna ta dama kunu, mai ganga ya zo. Sai ga Baffa da 'ya'yansa duka bakwai, garma a kafaɗa.

"Yaya, ga su nan na kawo maka," in ji shi.

Babbansu ya dube ni. "Ɗan lelen Inna, matsa gefe kar mu huɗe da kai!"

"Ka dai iya baki. A gidanku ko loma ba ka samu."

"Shi ya sa muke da sauri!"

Aka yi dariya, har da ni, amma ta ciki na ciki. Kafin azahar sun gama. Na ji wani dattijo yana cewa yau gonar nan ta ga masu ita. Baba ya yi godiya har da rakiya. Da muka shiga gida ya ce, "Sun taimake mu, sun kuma nuna wa gari."

Huɗa ta yi, amma ciyawa ba ta san gayya ba. Noma ya taso mana a gona biyu, ba a kiran mutane sau biyu, dawar bakin rafi ta shaƙe. Da shekara ta zagayo, mai unguwa ya miƙa wa Baffa gonar.

"Aro ne, Yaya. Ran da ka samu hannu, ka karɓi abinka."

Baba ya juyo, ni ya kalla. Da ma zagina ya yi.

Daga baya gandun Baffa ya watse. Wasu suka tafi haƙar kuza Ririwai, wasu Kano, kowa da tukunyarsa. Gamba ta sake cinye gonar. Yanzu ni da babban nasu tabarma ɗaya muke zama a ajin yaƙi da jahilci, yakan ce, "Ɗan lele, je ka karɓi gonarku mana." In karɓa da wa? 'Ya'yana uku, biyu suna makaranta, ɗayar mace ce ta yi aure. Ban karɓa ba.

'Ya'yan Baffa kuwa in Sallah ta zo, kekunansu na jingine a jikin darni har ƙofarmu. Har yau in zan wuce sai na tsaya kamar ina gyara takalmi.