Allunan Kawu Ɗahiru: Daga Mahjar Zuwa Kano

Litinin: Kano zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba maigidana ya sauke ni a filin jirgin Kano. Ni malamar zane ce a makarantar sakandare, kuma ƙungiyarmu ta masu zane ta ware bango guda a baje kolin da za mu yi bayan mako uku. Bangon na Kawu Ɗahiru ne, ƙanin mahaifiyata. Ina 'yar shekara bakwai ya tafi Umara bai dawo ba. Shekara ashirin da shida yana zane a Jidda, amma ba a taɓa rataya aikinsa da sunansa a jiki ba. Allunansa na tafi ɗaukowa.

Mun tashi tara saura kwata, muka sauka uku da rabi agogon can. Direban da aka turo mini ɗan Damagaram ne.

"Zuwa unguwar Mahjar riyal tamanin ne, Hajiya, ban da ambutiyaj."

"Cunkoson ma kuɗinsa daban?"

"A'a, na dai faɗa ne kada ki ce na yi nawa."

Kilomita talatin da biyar ne, amma sai da muka ci awa ɗaya da kwata. A shingen 'yan sanda guda surutunsa ya ɗauke ɗif, bai dawo ba sai da muka wuce. Na sauka a gidan Hajiya Asabe, mai sayar da waina da tuwo, wadda rabin unguwar ke kira Umma. Ta haɗa ni ɗaki da 'yarta Samira, haifaffiyar Jidda, mai Hausa rabi Larabci rabi.

Talata: Madinar Masana'antu

Ƙarfe bakwai muka karya da tamis da ful, wato burodi da wake, na riyal biyar, Samira ta ja mu a motarta minti ashirin zuwa wani sito. A ƙuryarsa na ga Kawu, ya yi furfura, ya rame, amma dariyar ta mahaifiyata ce sak. Na yi niyyar daurewa, ban iya ba.

"Binta, ke ce kika zama wannan ƙatuwar?"

"Kawu, shekara ashirin da shida fa."

Kawu ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da kafilin da zai tsaya masa. Wani ɗan kasuwa, mai siton, ke sayen zanensa da sharaɗin kada ya sa hannu. Tagogin tsohuwar Jidda ɗan kasuwar yake so da raƙuma, don a cewarsa baƙar fuska ba ta shiga falon masu kuɗi. Baƙaƙen fuskokin kuwa Kawu ya zana wa kansa, a kan katakon akwatunan kaya da 'yan dako ke tsinto masa a tashar jiragen ruwa. Guda goma sha biyu ne: masu sauke buhuna, mata masu talla a bakin masallaci, wani tsoho yana gyaran takalmi. Na daɗe ina koyar da zane, amma ranar na ji kunyar kaina. Na juya kowane allo gaba da baya, babu suna ko ɗaya.

Laraba: Bakin tasha

Kowane allo ya kai kilo shida, ni kuma jaka biyu aka yarda mini. Ƙarfe goma muka je wani ofishin tura kaya kusa da tasha. Ma'aikacin ya duba hotunan a wayata ya yaba, sannan ya nemi takardar mai zanen da lambar iƙamarsa. Muka yi godiya muka fito.

A hanya Samira ta biya da ni gidan baje kolin da take aiki. Ta karanta zane har jami'a, amma ta ce har yau akwai baƙin da ke miƙa mata kofin shayi idan sun gama sha, kamar mai aikin gida. A bangon ƙofar shiga na ga zanen tagogi na Kawu guda biyu, da sunan wani a ƙasa.

"Kullum ina wucewa ta gabansu, Yaya," in ji ta. "Ya'ni in na yi magana, Ammu Ɗahiru ne zai shiga mushkila, ba su ba."

Da muka koma gida na ba Hajiya Asabe labari kamar zan yi kuka. Ko cokalinta ba ta ajiye ba.

"Shi ke nan damuwar? Halas. Mu nan da ofis muke aika saƙo? Masu Umara nawa za su koma makon nan? Kowa ya naɗe ɗaya a bargonsa."

Alhamis na tafi Makka na yi Umarata, ita kuma ta wuni tana buga waya.

Juma'a: Farfajiyar Hajiya Asabe

Akwai ƙa'idar da ba a karyawa a Mahjar: ba mai karɓar saƙo a ɗaure. Mutane sun sha shiga uku a filin jirgi saboda ƙullin da ba su san cikinsa ba. Don haka bayan la'asar aka jera allunan a jikin bangon farfajiya domin masu ɗauka su gani da idonsu. Mutum tara aka gayyata, sama da arba'in suka zo. Wani ɗan dako ya gane kansa a allo, ya tsaya yana gardamar cewa hancinsa bai kai haka ba. Matan talla suka yi ta nuna juna suna dariya. Kawu yana can bakin ƙofa, kamar wanda ya zo rakiya.

Sai wata dattijuwa 'yar Gumel, Hajiya Kulu, ta juya allon da aka ba ta.

"Ina sunan mai shi? Ni ba na ɗaukar saƙon da ba suna. In aka tambaye ni a hanya na wane ne, in ce me?"

Sauran suka ce gaskiyarta. Kowa ya san abin da ke ciki. Idan hoton allo mai sunan Kawu ya kai ga ɗan kasuwar nan, cinikin ya ƙare, kuma shi ya san sito ya san ɗaki. Na ce a rubuta sunana kawai, ai ni ce mai karɓa. Kawu ya dube ni, na gane na yi ɓarna.

"Ke ma, Binta?"

Ya ce Samira ta miƙo masa burushi.  Ɗaya bayan ɗaya ya rubuta: Ɗahiru Sani Ɗambatta. Da ya gama, Hajiya Asabe ta ce cikin mutane, idan aka kore shi daga sito akwai ɗaki a saman gidanta, kuma allon shagon kowa a layin nan shi zai riƙa rubutawa. Aka naɗe tara a barguna, uku suka shiga jakunkunana.

Asabar: Gida

Mun tashi sha ɗaya na safe, na shiga gidana a Kano kafin la'asar. Cikin kwana goma allunan suka iso, wani a a-daidaita-sahu, wani a bayan babur. Na Hajiya Kulu ne na ƙarshe, don sai da ta kai shi Gumel jikokinta suka gani.

Ranar buɗe baje kolin na kira Kawu ta bidiyo. A ɗakin saman gidan Hajiya Asabe na same shi, ɗan kasuwar ya riga ya sallame shi. Na fara zagayawa da wayar ina nuna masa jama'a, ya ce in bari, in matsa kusa da 'yar takardar da ke gefen bango, mai ɗauke da sunansa. Na matsa. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, har sau biyu. Mahaifiyata, yayarsa, tana tsaye a bayana.

"Ba Yaya wayar," in ji shi. "Ta karanta mini da bakinta."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Hajiya Asabe, Samira, da ku tara da kuka rage tsarabarku don allon mutumin da ba ku haɗa komai da shi ba, Allah ya saka muku da alheri.