Madara a Idon Kyalla

"To madarar fa, Baffa, tun yaushe kake ɗiga mishi ita?" Muttaka malamin dabbobi ne ya yi tambayar, yana durƙushe gaban karen Manu a bakin kasuwar Badagishiri.

"Tun saukar damina," in ji Manu. "Haka ubana ke yi wa maruƙa in idonsu ya yi ja. Madara mai ɗumi, daga nonon saniya."

Manu Bafulatani ne da ya tsufa a bayan shanu. 'Ya'yansa sun watse, wani yana kabu-kabu a Konni, wani ya ƙetara Nijeriya. Ya rage daga shi sai matarsa Lubabatu mai tallar nono, sai Kyalla, karen da ya tsinta ɗan kwikwiyo a bakin rijiya. Kyalla ne ke korar dila daga garke, shi ke juyo kan saniyar da ta nufi gonar mutane. Manu bai taɓa barinsa ya lashi ƙwarya ba, amma bai taɓa cin hura bai rage masa ba.

Da idon karen ya fara hawaye, Manu ya riƙa ɗiga masa madara safe da yamma a ƙarƙashin aduwar da Lubabatu ke kaɗa nono. Ƙudaje suka yi ta ƙaruwa. Daga baya idon Lubabatu ya kama ƙaiƙayi, har aka kai ta gidan likita a Illela, aka zaro mata farar tsutsa siririya kamar zare. Labari ya bazu, masu sayen nononta suka fara wuce ta. Ta dawo da ƙwarya cike, ta ce ba za ta sake zama gida ɗaya da karen ba.

Muttaka ya ɗaga fatar idon Kyalla. Tsutsotsin na motsi a ciki.

"Ƙuda ke ɗaukar tsutsar, Baffa. Ya sha hawayen wannan, ya sauka a idon wancan. Madarar kuwa ita ta yi ta kiran ƙudajen."

Manu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Ke nan ni na kira wa matata su."

"Ba ka sani ba."

"Kashe shi za a yi?"

"A'a. Zan cire su, in yi mishi allura, ba zai sake shafa wa kowa ba in an kula. Amma idon dama ya riga ya tafi, na hagun ma dishi-dishi. Kiwo kam ya ƙare mishi."

Manu da kansa ya danne kan karen a gwiwarsa, yana yi masa magana da Fulatanci har aka gama.

"Goggo Lubabatu fa?" Muttaka ya tambaya yana wanke hannu. "In zo in yi mata bayani?"

"Ka bar ta, ɗana. Idonta ne ya yi ciwo, ba nawa ba. Bukka zan kafa can garke, ni da shi."

"Da tsufanka?"

"Shi ma ai ya tsufa."

Ya saɓa sandarsa a kafaɗa, don rana ta ɗaga kuma shanu ba su sha ruwa ba. Ya nufi rijiya yana jan takalmi a ƙasa da gangan, Kyalla na biye da ƙarar.