Yaya Gwakisa, Ka Daɓe Kabarin Uwarmu

Rai na Allah ne, gare shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Yuli, aka bugo mini waya daga asibiti a Mbeya cewa yayana Gwakisa Mwakibete, mai kamfanin cakulan ɗin Tumpale, ya cika. Tun ranar ake ta yabonka a rediyo, Yaya. Ni ƙanwarka Sekela, da muka sha nono ɗaya, ina da tawa maganar.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, ka yi alheri. Kai ka goya ni ka haye kogin Kiwira shekarar ambaliya, ruwa har wuyanka. Ka haƙa wa ƙauyenmu rijiya, ka kori 'yan baranda da ke saye ɗanyen kokon yin cakulan a wulaƙance daga hannun manoman yankinmu na Kyela. Amma masu cewa kai ka ƙirƙiro baƙin cakulan ɗin nan mai ɗaci ba su san bayan gidanmu ba. Uwarmu Mama Tumpale ce ke fasa kwanson koko, ta lulluɓe 'ya'yan da ganyen ayaba har su yi tsami, ta shanya, ta gasa a kasko, ta niƙa a dutse. Ba ta yarda da madara ba, sukari ma sai ɗan barbaɗe. Naka shi ne injin da ka sayo daga Dar es Salaam da baki mai zaƙi. Ka manna hotonta a takardar kunshi, Turawa suka yi ta rububi.

Da ta rasu muka binne ta a bayan ɗaki, tsakanin ayabarta da tsofaffin itatuwan kokonta, kamar yadda ake yi wa kowa a gidanmu. Kasuwa ta buɗe, wurin shanya ya yi maka kaɗan. Ina can garin mijina ka sa aka sare itatuwan, aka rushe ɗakin, aka malala siminti tun daga bakin hanya har gangare. Na zo ina kuka, ka dube ni ka ce, "Haba Sekela, sunanta ya kai har Turai, ke kina ta ƙasa?" Daga ranar har ka rasu ban ƙara taka gidan ba, cakulan ɗinka kuwa bai sake shiga bakina ba.

Washegarin rasuwarka babban ɗanka Lusekelo ya durƙusa a gabana.

"Gwaggo, Baba ya bar wasiyya a kwantar da shi kusa da Kaka. Za mu fasa daɓen. Ke kaɗai kika san wurin."

"Ku je ku tambayi mai kwaɓa siminti," na ce masa.

"Don Allah, Gwaggo. Bakinsa bai daina kiranta ba har ya tafi."

Yaron bai yi mini komai ba, sai na tashi na bi shi. Na tsaya a tsakiyar filin, koko shanye ko'ina, maza riƙe da diga suna jiran in nuna da yatsa. Na nemi inda ɗaki yake, na nemi ko kututture ɗaya, na yi gabas na yi yamma har rana ta ƙona mini tafin ƙafa. Babu alama. Ni da na yi mata wanka da hannuna, na kasa cewa ga inda uwata take kwance. Dangi suna ta raɗa wai ƙeta ce ta hana ni. Da ƙetar ce da na ji sanyi a raina.

A maƙabartar coci aka kai ka, cikin baƙi, kai da aka haifa a gidan da ba a taɓa fitar da gawa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Atupele, da Lusekelo da ƙannensa, da ma'aikatan da ke ci a ƙarƙashinka. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan Mama a inda shi kaɗai ya sani. Kai ma, Yaya, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka. Ni dai ban yafe ba tukuna, ina roƙon ya ba ni ikon yi kafin in biyo ka.